Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Kamfanin Da Ke Karɓar Kuɗin Hayarmu, Daga Wani Tsohon Soja

Assalamu alaikum, Yallaɓai Manaja, da sauran ma'aikatan ofishinka, da kai Alhaji mai gida, wanda har yau ban san kamanninka ba.

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya. Ni ne ɗan hayarku na ƙasa, ɓangaren hagu in an shigo ta get, wanda yaran ofishinku ke kira Baba Soja. Ba zan ambaci sunan kamfaninku ba, ba zan faɗi unguwa ko layin da gidan yake a nan Kaduna ba, don ba tonon silili ya kawo ni ba. Kun san kanku, kun san gidan. Abin da ya fito da ni fili shi ne takarda huɗu na rubuta muku a asirce, na kai da ƙafata, aka sa hannu aka karɓa, amma ko "mun gani" ba a ce min ba. To tunda takardar da aka naɗe ba ta samun mai buɗewa, ga wadda aka buɗe muku tun daga gida.

Na shiga soja a 1988, na yi kurtu a Zariya. Ina Monrovia ta Laberiya a watan Oktoban 1992 cikin ECOMOG, rundunar wanzar da zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, lokacin da mayaƙan Charles Taylor suka yi wa birnin ƙawanya. Ina Freetown a Janairun 1999. Daga baya na je Darfur, daga ƙarshe Borno, zamanin rundunar Lafiya Dole mai yaƙi da Boko Haram. Na cika shekara 35, na ajiye kaki a 2023 ina samanja. Ban jero wannan don ku rage min ko sisin kwabo ba, kuma ba na ganin na fi tela ɗin da ke samanmu ko malamar firamaren da mijinta ya rasu da ke kusa da ni haƙƙi a kanku. Duk kuɗi ɗaya muka biya. Na faɗa ne don ku san irin mutumin da ke muku magana. Wanda ya kwana wata da watanni a rami, ruwa har gwiwa, sauro na masa kiɗa, ba ya ɗaga murya don ɗigon ruwa ya taɓa masa kafaɗa. In irina ya ce wuri akwai haɗari, ya kamata a ɗan tsaya a saurara.

Bambancin shi ne a ramin nan mu manya ne, kowa shi ya kai kansa ya sa hannu. A gidanku akwai yaro ɗan shekara shida wanda bai sa hannu a kan komai ba.

Ranar da dillalinku ya kawo ni ganin gidan da rani ne, ko'ina na ƙamshin sabon fenti. Na duba ƙofofi, na murɗa famfo, na leƙa banɗaki, na ga silin fari ƙal. Shekara talatin da biyar ina duba ɗakunan ƙananan sojoji, ina kama ƙura a saman ƙofa da ɗan yatsa, amma fenti ya ci ni da yaƙi. Yanzu duk tsohon abokin aikin da ya ce min zai kama haya, shawara ɗaya nake ba shi: kar ya biya kuɗin gidan da bai gan shi a watan Agusta ba.

Na biya naira 480,000 hayar shekara. Na biya kashi goma cikin ɗari la'adar dillali, na biya wani kashi goman na lauyan da ban taɓa sa shi a idona ba. Na ajiye 50,000 saboda ɓarnar da kuke tsoron zan yi wa gidan, na ƙara 60,000 na abin da kuka kira kuɗin hidima, wato ruwa da kwasar shara da kwasar sokawe. Ban manta ba, kafin in isa bakin titi rasit ya iso wayata. Na ce wa mai ɗakina mun dace da mutane masu tsari.

Ruwan farko ya tona asiri. Silin ɗin ɗakin yara ya fara yin taswira, fentin ya kumbura yana ɓarewa kamar ɓawon rogo. Da aka bincika ashe ba ruwan sama kaɗai ba ne, banɗakin sama ne ke tsiyaya cikin dakalin simintin da ke tsakaninmu da su, rani da damina, an dai shafe shi ne da fenti kafin a kawo mai tsautsayi. Kafin damina ta biyu ta ƙare, fulasta ta zube a wurare uku, rodi ya fito fili, ja wur da tsatsa.

Ni ba injiniya ba ne, don haka na ɗauko wanda ya sani, wani abokina da ya yi aikinsa a sashen injiniyoyin soja, ya gina gadoji a inda ake harbi. Ya hau kujera ya ƙwanƙwasa silin da gindin sukurdireba, wurare da yawa suka amsa kamar ganga. Ya ce min rodi in ya sha ruwa ya yi tsatsa kumbura yake yi, sai ya riƙa tura simintin da ya rufe shi daga ciki har ya ɓalle shi, shi kuma rodin yana ƙara sirancewa, alhali shi ke riƙe da nauyin duk abin da ke sama. Sannan ya tsaya a gaban tsagar da ke bangon gabas, wadda ta taso daga kusurwar taga ta gangara a karkace, ya yi shiru na ɗan lokaci. Ya ce tsagar fulasta daban, wannan daban. Wadda ke tafiya a karkace haka, tana bin bulo tana ratsa shi, alama ce ƙasar da ke ƙarƙashin wannan kusurwar tana zama. Muka zagaya baya, sai ga sokawe manne da wannan kusurwar, murfinsa ya fashe, ƙasar wurin kullum a jiƙe.

Ya koya min wata dabara. Ya ce in samo ɗan siririn gilashi in manna shi a kan tsagar, gefe da gefe, in rubuta ranar. In gini ya gama motsinsa, gilashin zai zauna. In yana nan yana motsi, zai fashe. Sati biyar ya yi ya fashe. Na manna wani, shi ko wata bai rufa ba. Lokacin da muka shigo, reza ba ta shiga wannan tsagar. Bara makulli na shiga. Yau ƙaramin yatsana na shiga har gaɓa ta biyu, ƙofar ɗakin kuma ta daina rufuwa sai an ɗaga ta da ƙafa. Duk wannan yana cikin wani ɗan littafi da nake rubutawa, da kwanan wata da hoto. Aikin soja ya bar min wannan ɗabi'ar, abin da ba a rubuta ba kamar bai faru ba ne.

Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A gidanmu wannan ya daina zama karin magana. Autana ya san ƙadangarun ɗaya bayan ɗaya, har suna ya raɗa musu.

Yanzu bari in zo kan daren da ya sa na daina haƙuri. Cikin daminar nan ne, wajen ƙarfe uku, ana ruwa da tsawa. Ɗiyata 'yar shekara tara tana tsoron tsawa, sai ta tashi ta tafi wurin uwarta. Da a wani daren ne da na kore ta, don ina yawan yi mata faɗa cewa ta girma. Ban kore ta ba, barci ya fi ƙarfina. Ba a jima ba muka ji ƙara kamar an jefar da turmi. Na shiga da tocila, na tarar da ɓallin siminti ya faɗo a kan katifarta, daidai inda take sa kai, filon ya nutse. Yayanta da ke ɗaya gefen ya farka yana ta kakkaɓe ƙura bai ma san abin da ya faru ba.

Na ji ƙarar abubuwa da yawa a rayuwata, Yallaɓai. Ba na tuna wadda ta sa gwiwata ta kasa ɗaukata irin ta wannan daren.

Da gari ya waye na kai ɓallin wurin mai sayar da gas ɗin girki aka ɗora a sikeli, kilo huɗu da ɗoriya. Na sa shi a buhu na hau Keke na zo ofishinku. Aka ce Manaja ba ya nan. Na fito da shi na ɗora a kan teburin sakatariyarku, na ce ga saƙo, wannan ne ya faɗo a kan filon 'yata. Ta dubi simintin, ta dube ni, ta ce, "Baba don Allah ɗauke, zai goge mana tebur." Ban ga laifinta sosai ba, yarinya ce, sa'ar babbar ɗiyata, kuma abin da ta ga manyanta na kula da shi shi ta kula da shi. Na ɗauke kayana na dawo da shi gida. Yana nan a falo.

Tun daga ranar na kulle ɗakin. Mu shida muke kwana tsakanin falo da ɗaki ɗaya, samari biyu da suka fara tasawa da ƙanwarsu da autanmu, abin da duk uba ya san bai dace ba. Ina biyan kuɗin ɗaki biyu ina kwana a ɗaya.

Wutar lantarki ma ta bi sahu, don ruwan da ke cikin bango ya isa wayoyi. In an yi ruwa, famfon kicin na jan mutum. Ya taɓa jefar da mai ɗakina har ƙasa, hannunta ya kwana biyu yana mata zugi. Na kira mai gyaran wuta da kuɗina, ya buɗe ya ce gidan gaba ɗaya babu wayar da ke sauke wuta ƙasa, kuma haɗin ya bi ta cikin dakalin da ke jiƙe, ba abin da zai iya yi daga ɓangarena ni kaɗai. Don haka da na ga hadari ya haɗu sai in kashe babban makunni, mu zauna a duhu ko da an kawo wuta, a garin da kowa ya san darajar a kawo ta.

Sai ruwan sha, wanda shi ne ya fi cin raina, don shi na biya kuɗinsa daban. Injin burtsatsen gidan ya ƙone wata huɗu da shigowarmu, ba a sake waiwayarsa ba. Muka koma rijiyar tsakar gida. Na auna tsakaninta da sokawen nan da ya fashe, taku tara ne, wato ko mita bakwai bai cika ba, alhali ma'aikatan lafiya na cewa a bar wajen mita 30 tsakanin rijiya da masai. Kafin in farga da wannan yarana uku sun kwanta, gudawa da zazzaɓi, biyu aka ce taifod ne. Na yi kwana shida ina zirga-zirga tsakanin gida da asibiti. Kowa a Arewa ya tuna 2021, shekarar da kwalara ta kashe sama da mutum 3,000 a ƙasar nan, kuma ba daga sama ta sauko ba, daga irin wannan rijiyar ta fito. Yanzu ruwan 'yan garuwa muke saye, na sha kuma sai an tafasa. Ku kuma da shekara ta zagayo kuka sake sa 60,000 ɗin hidima a takarda, ko kunya. Wace hidimar?

Autan nawa yana da asma. Fumfunar da ta yi baƙi a bango ba sai likita ya faɗa min abin da take masa ba, ina jin numfashinsa da dare kamar ana busa sarewa.

To duk wannan, in da za a yi adalci, gini ne, kuma gini na tsufa kamar mutum. Ban zarge ku da cewa ku kuka tsaga bangon ba. Abin da nake tuhumarku da shi shi ne shirun. Akwai ranar da na kira lambar ofishinku sau bakwai ba a ɗauka ba. Na ari wayar maƙwabcina na kira, na ce ina neman gida mai ɗaki uku. Bugu biyu aka ɗauka, da "ranka ya daɗe" da komai, har ana tambayata ko a turo mota. Da na ce Baba Soja ne, sai layin ya fara rawa, can ya mutu. Hotunan da nake turawa ta WhatsApp ina ganin alamar an buɗe su. Na lura a ofishinku kuɗi na da titi mai kwalta, daga aljihuna har asusun Alhaji ba gargada ko ɗaya. Koke ne ba shi da ko hanyar ƙafa.

In aka yi sa'a aka same ku, amsa ɗaya ce, Alhaji ya yi tafiya. Ya tafi Umara, yana Abuja, bai dawo daga Dubai ba, ba a taɓa kuɗin gyara sai ya amince. Na yarda. Amma da lokacin ƙarin haya ya zo, aka ɗaga daga 480,000 zuwa 650,000, ban ji an ce a jira Alhaji ya dawo ba. Ashe inda yake akwai waya.

Alhaji, ranka ya daɗe, bari in juyo gare ka kai tsaye, ko Allah zai sa wani ya karanta maka. Ɗayan biyu ne. Ko dai waɗanda ka ba amanar gidanka sun faɗa maka halin da yake ciki ka yi shiru, ko kuma ba su faɗa maka ba, suna aiko maka da kuɗi kana ganin komai lafiya. Ina kyautata maka zaton na biyun ne. In haka ne, to ka sani dukiyarka ce ke narkewa. Banɗakin da za a gyara da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba shekara biyu da suka wuce, yau ya ci dakali. Gobe ba dakali zai ci ba. Kuma ranar da abin da muke gudu ya faru, Allah ya kiyaye, ba sunan kamfani mutanen unguwa za su kira ba, cewa za su yi gidan Alhaji wane ne.

Wani yaron ofishinku ya taɓa ce min, "Baba ka kwantar da hankalinka, komai na Allah ne, ba wanda zai mutu sai kwanansa ya ƙare." Ni zai gaya wa? Na binne waɗanda muka ci tuwo tare da safe. Na yi imani da ƙaddara fiye da yadda yake tsammani. Amma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa ya yi a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Kuma na lura ku ma ba ku bar wa ƙaddara kuɗin haya ba, wata biyu kafin wa'adi kuke fara aiko da tuni.

A ranar 12 ga Yulin 2024 ginin wata makaranta ya rufta a unguwar Busa Buji a Jos yara na cikin aji, mutum 22 suka rasu. A watan Maris na 2019 wani bene a Ita Faji da ke Legas, mai makaranta a samansa, ya zube da yara a ciki, kuma rahotanni sun ce tun kafin nan hukuma ta yi masa alama. Gini ba ya faɗuwa ba sallama. Yana tsagewa, yana zubar da ƙasa, ƙofofi na ƙin rufuwa. Namu ya yi duk wannan sallamar.

Na san abin da wasu masu karatu za su ce, don an sha faɗa min: to Baba ka tashi mana, dole ne? Mai wannan maganar bai taɓa neman haya da fansho ba. In na tashi yau, kuɗin shekarar da na riga na biya wa zai dawo min da shi? Sabon gida na nufin sabuwar shekara a dunƙule, sabuwar la'ada, sabon lauyan da ba a gani, kuɗin mota, da cire yara huɗu daga makaranta a tsakiyar zango. Wasu kuma za su ce shekara 35 kana aiki ba ka gina naka ba? Na fara. Ina da fili a bayan gari, na sa kuɗin sallamata a ciki, gini ya kai linta. Na ajiye aiki a shekarar da aka cire tallafin man fetur, kafin in juya, farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000. Ginin na nan tsaye ba rufi, ciyawa na gadinsa. Ba ni kaɗai ba ne, ku je duk inda 'yan mazan jiya ke taruwa ku tambaya, za ku ji linta ta tsayar da mutum nawa.

Ba zan ce muku bariki aljanna ce ba. Na zauna a ɗakunan da su ma ke yoyo. Amma a can in rufi ya lalace na san ƙofar da zan buga, na san wanda ke sama da shi in bai motsa ba, matan ma suna da magajiyarsu da ke kai kuka. Ko ba a gyara yau ba, wani zai tsaya a gabanka ya ba ka amsa, ko da amsar ba ta yi maka daɗi ba. Abin da na kasa sabawa da shi a zaman farar hula ke nan, ka yi magana ta faɗa rijiya.

Da na matsa, sai ga ɗan aikenku da saƙon baka, wai in gidan bai yi min ba akwai masu jira a layi, kuma ana iya ba ni notis. Yallaɓai, na je na tambaya. Ɗan haya ba a fitar da shi da saƙon baka, ba a cire masa ƙofa ko kwano, ba a yanke masa wuta don ya gaji ya tafi. Sai an ba shi notis a rubuce, wa'adin ya cika, an je kotu, alƙali ya yi hukunci. A dokokin Abuja da Legas mai biyan shekara-shekara wata shida ake ba shi in yarjejeniya ba ta faɗi wani abu daban ba, sannan a ƙara masa kwana bakwai kafin a shigar da ƙara. Dokar haya ta Legas ta 2011 ma ta ɗora wa mai gida gyaran wajen gini da wuraren da 'yan haya ke tarayya a kai, ta kuma ce duk wanda ya karɓi kuɗin hidima sai ya ba da rasit daban, ya kuma kawo lissafin yadda aka kashe su a rubuce aƙalla duk wata shida. Na san nan ba Legas ba ce. Amma abin da doka ta tilasta a can, ai mutunci kaɗai ya isa ya sa a yi shi a nan. Ita kanta yarjejeniyar da lauyanku ya rubuta, wadda na biya kuɗinta, ta ce gyaran jikin gini na mai gida ne. Shafi na biyu. Ku duba kwafinku.

Kuma in kun fitar da ni, sai me? Ku sake shafa fenti, ku kawo wani mai iyali da rani, ya shimfiɗa wa 'yarsa katifa a wurin nan. Wannan na cikin abin da ya hana ni tattara kayana in yi shiru.

Akwai wani abu da nake so ku sani, ba don barazana ba. Yaran da na horar suna nan cikin kaki, wasu a garin nan. Da labarin ɓallin siminti ya kai musu, biyu sun zo har gida suka ce, "Baba ba mu adireshin ofishin kawai, gaisuwa za mu je." Na san irin gaisuwar. Na hana su, na kuma yi musu faɗa. Kakin nan ba na karɓar bashi ba ne, ba na tsorata sakatariya ba ne, kuma ban yi shekara 35 ina kare doka don in karya ta a kan banɗaki ba. Na zaɓi in bi layi kamar kowa. Sai dai ina roƙonku kar ku sa yaran nan su ga kamar shawarar da na ba su ta wauta ce.

Ina yaro a garinmu, in aka ce ga duba-gari nan, iyayenmu mata har rawar jiki suke yi, ana wanke randa ana share kwata, don zai leƙa ko'ina kuma ba ya jin magiya. Mutum ɗaya da ɗan littafinsa ya isa ya sa mai gida ya gyara masai. Da irinsa zai shigo gidanmu yau, a bakin rijiya zai tsaya, ba sai ya ƙarasa ciki ba.

Abin da muke nema ba shi da yawa, kuma da yawun gida shida nake magana, don duk mun zauna mun sa hannu. Ku turo injiniya na gaske mai rajista da COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista, ba birkilan da zai cusa siminti a tsaga ya shafe ba, ya duba ginin a gabanmu, ya rubuta abin da ya gani, a ba mu kwafi. In ya ce gidan na zaunuwa, a tsayar da yoyon banɗakin sama, a gyara dakalin, a sake sokawen nesa da bango da rijiya, a sake haɗin wuta. In ya ce ba ya zaunuwa, ku faɗa mana gaskiya, ku mayar mana da kuɗin watannin da suka rage da kuɗin ajiyarmu a dunƙule, mu nemi inda za mu sa kanmu tun muna tafiya da ƙafafunmu. Kuɗin hidima na shekara biyu kuma a kawo lissafinsa, in babu lissafi a gyara burtsatse da shi. Ni a karan kaina ina neman a cire min kuɗin ɗakin da na kulle. Kuɗin asibiti na bar wa Allah.

Na ba ku kwana goma sha huɗu daga ranar da wannan ta fito. In suka wuce shiru, zan ɗauki littafina da hotunana da takardu huɗun nan masu sa hannunku in kai wa hukumar tsara birane ta KASUPDA da sashen lafiya na ƙaramar hukuma, daga nan mu wuce kotu, mu shida. A can dole a ambaci suna. Na fi son kar mu kai can, don ni da ku ba mu da gaba, kuma na gaji da faɗa tun kafin a haifi wasunku.

Ranar Asabar ina gida daga bayan sallar asuba har la'asar. Ku zo da kanku, Yallaɓai Manaja, kar ku turo yaro. Mai ɗakina za ta dafa shayi, da ruwan da muka saya. Zan buɗe muku ɗakin yaran ku shiga ku ɗaga kai. Ku taho da tsani, nawa gajere ne.

Wassalam.

Naku,
Baba Soja, ɗan haya na ƙasa, ɓangaren hagu.